Babi na Tara

Jos, 3 ga Oktoba, 1975

Zuwa ga Malam Bubayero,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata kana lafiya, kai da Inna Asta da mutanen unguwar Jekadafari.

Na buga babi takwas na littafinka a tafiretar ofis, amma na tsaya a na tara. Malam, ka gafarce ni. Tun farko ka kafa doka a Birnin Fikafikai cewa duk wanda ya tashi sama sau ɗaya, shekara guda ta fita daga ransa. A babi na takwas Kande mai saƙa fikafikai ta yi sawu arba'in tana kwashe mutane daga ambaliya, ta faɗi a bakin ganuwa, numfashi ya ƙare. Na yi kuka a kan takardar. Sai ga ta a babi na tara tana tankaɗe gari, ba wani bayani.

Kai ka koya mana a aji cewa mai labari yana iya sa dutse ya yi magana, amma in ya kafa doka, shi ma ta hau kansa. In Kande ta tashi, sawu arba'in ɗin nan sun zama wasa.

Ɗalibarka,
Hilda

Gombe, 20 ga Oktoba, 1975

'Yata Hilda,

Na ga takardarki. Ina gaida maigidanki Matiyu.

Shekara goma sha ɗaya ina kan wannan littafi. Idona ya yi rauni, tirelolin siminti sun hana unguwa sakat, in na rubuta layi uku sai na ajiye alƙalami. Ni na gina birnin, ni na kafa dokar, ba wanda zai kai ni kotu don na karya ta. Ki buga yadda yake.

Gaisuwarki ga Asta ba ta isa ba. Allah ya yi mata rasuwa cikin watan Agusta, ciwon kwana biyu. Ita nake karanta wa kowane babi tana tankaɗe, in abu bai shige ta ba sai ta ce, "Malam, wannan ƙarya ce marar gishiri." Babi na tara bayanta na rubuta shi.

Bubayero

Jos, 29 ga Oktoba, 1975

Baba,

Wallahi ban ji ba, ba wanda ya aiko mini. Allah ya jiƙan Inna, ya ba ka haƙuri. Shekara biyu ina cin tuwonta lokacin da nake makaranta, ba ta taɓa nuna mini ni baƙuwa ba ce.

Na ji kunyar abin da na rubuta. Na buga babin yadda yake, ban taɓa ko wasali ba, ga shi na haɗo. In Kirsimeti ya zo zan biyo ta Gombe kafin in wuce Kaltungo.

'Yarka,
Hilda

Gombe, 2 ga Disamba, 1975

Hilda,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkiri.

Na karanta abin da kika buga sau biyu. Da yake a rubutun hannuna ne ban gani ba, amma da ya fito a tafireta sai na ga matar da ke ciki ba Kande ba ce, ba kuma Asta ba. Tana yawo a gida, ba ta da abin faɗa. Kin yi gaskiya tun farko, kada ki ji kunya.

Ga sabon babi na tara, shafi huɗu ne kawai. Mutanen da ta kwashe sun wanke ta, sun ɗauke ta a kafaɗa da ƙafa, ba wanda ya yarda ya tashi sama ranar.

Ina Maiduguri wajen taron malamai aka binne Asta. Jirgin ƙasa ya makara, na iso na tarar an share tsakar gida ana zaman makoki. Wannan karon, a jana'izar Kande, na tsaya har aka gama rufe ƙasa.

Na gaji, Hilda. Ki buga a hankali, ba sauri.

Naki,
Bubayero