Na murɗa wa marainiya usur zuwa lamba tara

Barkanku da war haka jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana. Ku kuma masu karatu ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, na san bakinku ba shi da linzami.

Ni tsohon soja ne, ina zaune a Rikoto cikin Zuru. A aikin soja na koyi iyo, da na yi ritaya sai na tara yaran unguwa ina koya musu a dam ɗin bayan gari. Cikinsu 'yan mata biyu ne suka fi kowa, 'yata da 'yar abokina da ya rasu a bakin daga, wadda zan kira Rahila. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na uwarta. Gaskiya ɗaya ce, Rahila ta fi 'yata nesa ba kusa ba. Idan ta faɗa ruwa kamar tarwaɗa, tawa kuwa sai ta yi ta dukan ruwa kamar mai wanki. Kullum ina tafa wa yarinyar nan ina murmushi, cikina kuwa yana ƙuna.

Wani likita da muka yi aiki tare ya aiko mini da wasu 'yan bututun roba na ƙarfafa numfashi. A baki ake sawa a ja iska da ƙarfi, kuma akwai murfi mai lamba ɗaya zuwa tara, duk lambar da aka ƙara sai iskar ta ƙara wuyar ja. Yara suka raɗa wa abin suna usur. Likitan ya ja mini kunne sosai: ja talatin da safe, talatin da yamma, a ƙara lamba a hankali, kuma kada a wahalar da ƙirjin yaro ranar gasa, don naman da ke jan numfashi shi ma yana gajiya kamar na cinya. Wata uku muna yi, su biyun suka kai lamba huɗu, kuma na ga amfaninsa da idona, sun daina haki a ƙarshen tsere.

Sai aka kira gwaji a Birnin Kebbi, yarinya ɗaya za a ɗauka ta wakilci jiha. Ɗaya tak! Shekara nawa zan yi ina yi wa 'yar wani tsani tawa tana kallo? Ranar gwajin da safe a tasha uwar Rahila ta ce mini, "Oga, ga ɗiyarka nan, ba ta da uba sai kai." Na ce ta kwantar da hankalinta. Mota na tashi na karɓi usur ɗin Rahila na murɗa shi zuwa tara, na ce ta yi ta ja har mu isa. 'Yata kuwa na ce ta jingina ta yi barci.

Kafin mu kai Koko ta cire shi ta ce, "Baba, haƙarƙarina na zahi." Na ce, "Ke 'yar soja ce ko 'yar tsana? Ubanki harsashi ya tara da ƙirji, ke iska ce za ta gagare ki?" Ta mayar da shi baki tana ja, hawaye na zuba. Wane irin mutum ne zai ɗauko gawar abokinsa ya doki 'yar mamacin da ita?

Da la'asar aka shiga ruwa. Zuwan farko Rahila ce a gaba, a dawowa numfashi ya ƙi, ta shaƙi ruwa, ta nutse a tsakiya sai da aka tsamo ta. 'Yata ta zo ta ɗaya. Kuma ban tsaya nan ba. Rahila tana kwance tana amai na tsaya a kanta gaban mutane na ce, "Raguwa, ƙirjin kaza gare ki, kin kunyata Zuru." Na faɗa ne don kada kowa ya nemi dalili, amma ba zan ɓoye muku ba, a lokacin daɗi na ji.

Yanzu 'yata tana sansanin horo, ba ta san komai ba. Rahila kuwa ta yarda ƙirjinta ne mai laifi. Kullum da safe ta bayan katanga ina jin ta tana jan usur a lamba tara, tana tari, duk ta rame. Jiya uwarta ta shigo mini da ƙwaryar gyaɗa ta ce, "Mun gode da ba ka yar da ita ba." Rahila ta durƙusa ta miƙo mini usur ɗin da hannu biyu ta ce, "Baba, yau na yi ja ɗari biyu. Yaushe za ka ƙara mini lamba?"

Jama'a, babu wata lamba bayan tara. Idan na faɗi gaskiya ina tsoron a koro 'yata, kuma ban san da wane ido zan kalli matar abokina ba. Idan na yi shiru, gobe da safe zan sake jin tarin nan ta katanga.

Me zan yi?