Jakar da Baffa Bai Kai Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu ma lafiya, sai ƙafar Inna da ke matsa mata in ta daɗe a tsaye. Auta ta sauka, an samu mace.

Yaya, saƙonka ya iso, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Ka ce in janye ƙara, a rufa wa zumunci asiri tunda Baffa ya tsufa. Ina jin rabin labari aka ba ka, to ga sauran.

Lokacin da aka ɗauke Baba a ƙofar shagon ɗinkinsa kana makarantar kwana, ni ce a gida. A gabana Inna ta cire 'yan kunnenta, aka sayar da kekunan ɗinki da filin gado, aka zuba kuɗin fansa a jaka. Baffa ya ce shi zai kai, ɗan'uwansa ne, ba zai bar bare ya je ba. Ya dawo yana kuka, wai sun karɓe sun koro shi. Baba bai dawo ba. 'Yan sanda suka yi ta zarya, daga baya suka rufe maganar.

Watan jiya wani jami'in bincike ya kira mu ofishinsu. Sun kama wani tsohon direba kan wani laifi daban, yana tona tsohuwar ta'asar da shi da abokansa masu satar mutane suka yi har ya iso kan Baba. Aka shigo da shi gabanmu da ankwa a hannu. Ya ce sun jira a bayan tsohuwar tashar mota har suka gaji, ba wanda ya zo. Ya ce Baba ya yi ta ba su haƙuri, yana cewa ƙaninsa na hanya, ba ya saɓa alkawari. Inna ba ta yi kuka ba. Abin da kawai ta tambaye shi, ko sun bar shi ya yi salla. Ya ce sun bar shi.

Jami'in ya bi diddigi, ya gano a shekarar ce Baffa ya sayi motar hayarsa ta farko, wadda yake kai mu makaranta a ciki muna ta godiya. Da aka tsare shi bai musa ba. Cewa ya yi wai ya tabbata ko ya kai kashe shi za su yi. Wa ya sanar da shi haka? Shekaru yana shigowa gidanmu, yana cin abincin Inna, yana yi mata nasihar haƙuri.

Gwaggo ta zo jiya tana cewa zan kunyata dangi, wa zai auri 'ya'yan Baffa. Duk masu zuwa roƙo ba wanda ya tambayi Inna yadda take kwana. Ni ba zan janye ba. Wata mai zuwa za a shiga kotu, Inna ta ce za ta je ko da rarrafe, don direban ya yi alkawarin nuna inda suka binne Baba.

In za ka zo ka tsaya kusa da mahaifiyarka, muna maraba. In roƙo za ka zo yi wa Baffa, yi zamanka.

Ka gaida uwargidanka da 'yan biyu. Inna da Auta suna gaishe ku.

Ƙanwarka.