Jan Dutsen Da Na Ƙi Karɓa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, Allah Ya ƙara haske a makwancinki.

Na dawo daga Ostireliya, Inna. Jikanki Ammar na je gani, wanda kika bari yana rarrafe a gidanmu na unguwar Tandabawi, nan ƙasa mai tsarki. Yanzu muhandis ne, wato injiniya, a wani kamfanin haƙar ma'adinai, can ƙuryar daji, inda ƙasa take jawur kamar an yi yanka, ƙuda kuma ya fi dillalin unguwar Aziziyya naci.

Ya zagaya da ni yana ta alfahari. Ya nuna mini ramin da unguwarmu duka za ta shige har da saura. Ya kai ni gidan tarihin kamfanin, inda aka jera tsofaffin diga da fitilun mahaƙa cikin gilashi, ana goge su kullum. 'Yan asalin ƙasar kuwa, baƙaƙe irinmu, lungu ɗaya aka ba su kusa da banɗaki, aka rataye zanensu, aka liƙa farashi. Duk karatuna ban taɓa cin karo da wanda ya ƙwace gidan mutum, sannan ya sayar da hotonsa a zaure ba.

Wata dattijuwa cikinsu ta nuna mana wani tudu ta taga. Ta ce da akwai kogo a can, inda kakanninta mata suke haihuwa, an fasa shi da nakiya. A wurinsu ko tsakuwa ba a ɗauka daga irin wannan wuri. Baƙin da muke zagayen tare suka girgiza kai don tausayi, suka ɗauke ta hoto, suka wuce shan gahawa.

Ranar da zan taho Ammar ya miƙo mini tsaraba: jan dutse daga wannan tudun, cikin akwatin gilashi, da tambarin kamfani. Lambar yabonsa ce ta farko, ya ce abuya, wato ni ubansa, ni na cancance ta.

Sai na gan ki tsaye kan jakunkunan alhazan da ke sauka gidanmu, kina zazzage tsakuwar da suka ɓoye, kina cewa, "Ƙasar Harami ba ta bin kowa gida." Na san kogonsu ba Harami ba ne. Amma hannuna ya ƙi miƙuwa. Na ce ya mayar inda aka ɗebo. Kin san bakina: na ƙara da cewa ban kai shi makaranta don ya zama ɓarawon duwatsu mai takardar shaida ba.

Ya sauke ni a filin jirgi, ya juya. Yanzu ba ya ɗaukar wayata, wajen matarsa nake jin lafiyarsa.

Ban janye ba, Inna, ƙyamar abin tana nan. Amma ina son yarona. Ke kin iya hana mutum abu ki bar shi yana dariya. Ni hanin kaɗai na gada.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sanyaya zuciyar Ammar, Ya koya wa ubansa lafazi.

Ɗanki,
Bashir, daga unguwar Shisha