Hoton Surukina Yana Yawo a Jikin Babura

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da duk masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku kai ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma bai bar ni na ci abinci ba.

Ni mai ɗaukar hoto ne a Gummi, shekara tara ke nan. Biki da suna da wasan mawaƙa, har Anka da Bukkuyum ake kirana. Surukina malami ne kuma manomin shinkafa, kowa Malam yake ce masa. Mutum ne da bai yarda da hoto ba ko kaɗan, ko katin zaɓe bai taɓa yi ba saboda sai an ɗauki fuska. Ranar da na je gaishe shi bayan an ba ni 'yarsa, ya dube ni ya ce, "Ba ni hana ka neman abincinka. Amma wanga ƙarhe naka kada shi dubi huskata, ko ina da rai ko bayan raina. Ka yi alkawali?" Na ce na yi, har da rantsuwar da bai nema ba.

Shekara biyu da suka wuce aka yi bikin ƙanwar matata. Da hantsi bayan ɗaurin aure na shiga cikin gida ɗaukar amarya da ƙawayenta, sai na hango Malam zaune a gindin mangwaro bayan rumbu, ya gudo wa hayaniyar zaure. 'Yata Ummi, lokacin ba ta fi shekara biyu ba, ta haye cinyarsa ta cusa hannu cikin gemunsa tana ja, shi kuma yana dariya har da hawaye. Mutumin da ko murmushinsa sai an yi sa'a ake gani. Wallahi kafin in tuna da wani alkawari yatsana ya danna. Babu wanda ya gani. Da na koma shago na duba, na san tunda na fara riƙe kyamara ban taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba, sai na kasa gogewa. Wannan shi ne laifina na farko, ban kuma ɗora wa shaiɗan ba, ni na yi.

Bayan mako guda muka je Anka wasan wani mawaƙi ni da abokina, bari in kira shi Lawali. Tare muka yi firamare, tare muka koyi aiki, shi ne ma babban abokin ango a bikina. Da la'asar wasa ya yi zafi, ana ta liƙi, sai memorin kyamarata ya cika. Cikin sauri na juye komai a kwamfutarsa na koma gaban dandamali. A hanyar dawowa yake tsokanata wai ashe Malam yana da haƙora. Ashe ya ga hoton. Na ba shi labarin alkawarin, na roƙe shi ya goge, ya dafa kafaɗata ya ce in ɗauka an goge. Wa zan yarda da shi in ban yarda da Lawali ba?

Wata biyu ke nan da Malam ya rasu. Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, wani ya miƙo min waya, sai ga Malam yana dariya. Kafin a yi bakwai hoton ya zama sitika, yana manne a jikin babura da shagunan kasuwa, an rubuta sunan Malam da addu'a a sama, a ƙasa kuma sunan shagon Lawali da manyan baƙaƙe. Ya yanke Ummi daga hoton, amma bai iya yanke hannunta ba, yana nan cikin gemun da ɗan warwaronta. Da yayyen matata suka tare shi, ya ce turo masa aka yi ta waya, bai san lambar ba. Ni kuwa da na same shi a shago, ko tashi bai yi daga kujera ba. Ya ce, "Ni na ɗauka? Kai kaɗ ɗauka. Ni lada nika nema, duk wanda yag gani sai ya yi mai addu'a. In kana so mu tahi gidan yanzu in hwaɗa musu inda nis samo shi." Wai lada. Lada ce ta sa ka buga sunan shagonka har ya fi na mamacin girma? Mutumin da ya ci tuwo a gidana ya fi a ƙirga, yau shi yake riƙe da wuyana yana murmushi. Kuma abin kunya, bari in faɗa tunda ba ku san ni ba: idan na ji ana yabon Lawali wai shi ne gwanin da ya kama dariyar Malam, har wani kishi nake ji. Kun ga irin lalacewar da na yi?

Matata ba yarinya ba ce. Wata safiya ta ajiye min koko, ta ajiye sitikar kusa da kofin, ta ce, "Baban Ummi, dube ni. Hannun ɗiyammu na wanga, ga warwaron da Inna tas sai mata. Cikin gidanmu anka ɗauke shi. Kai na?" Na dubi idonta na ce wallahi ba ni ba ne, ranar biki wayoyi sun fi ɗari a gidan. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce ta yarda, dama ta san ba zan yi ba. Sannan ta ce mahaifinta bai taɓa neman komai a wurin kowa ba sai wannan abu guda, don haka duk wanda ya ɗauka ba za ta yafe masa ba har gaban Allah. Ta faɗa tana tura min ƙosai gabana.

Na ɗauka nan abin zai tsaya. Shekaranjiya na je gaida Inna, mahaifiyar matata, tana takaba. Daga bayan labule take amsa min kamar kullum. Har zan tashi sai ta turo wani abu ta ƙarƙashin labulen, sitikar ce, duk ta yamutse, da alama daga jikin babur aka ɓanɓaro mata. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Idona ba shi gani ƙwarai. Ka ƙara mini girmanai, in riƙa dubawa in ba kowa. Kada yaran ga su sani."

Ga inda na maƙale. Duk mai wannan sana'a ya san sitika irin wannan in aka ƙara mata girma dishi-dishi za ta yi, ba za ta ga fuskar mijinta ba. Na asali kuwa, tas da shi, da Ummi a cinyarsa, yana cikin kwamfutata. Eh, na sa Lawali ya goge, ni ban taɓa goge nawa ba. In na wanke mata shi, duk ranar da matata ta ɗaga filon Inna ta ga 'yarmu a ciki, ta san wanda ya rantse mata a kan ƙarya. In na yi shiru, Lawali zai iya buɗe baki duk ranar da muka saɓa. Inna ta ce in kawo mata ranar Juma'a, yau kuma Laraba.

Jama'a, don Allah, me zan yi?