Ranar Ƙauyawa a Kamfanin Hatsi

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Manaja Armiya'u ya kira ni ofis yau, ko zauna bai ce mini ba. Kamfaninmu na sayen hatsi zai cika shekara goma, hedikwata ta ce reshen Ƙaura ne zai yi bikin, ran 26 ga wata. Ni ce zan nemo jigo. Na ce ranka ya daɗe, jigo kamar yaya? Ya ce shi ma oho, wai abin da za a gina shigar mutane da abinci da adon wuri a kansa, in tambayi Hajiya Ilham ta hedikwata. Har na juya ya ƙara da cewa wata shida na gwajina za su cika ƙarshen watan nan. "In biki ya yi kyau, Kyauta, takardarki ta fito. In ya lalace, kin san sauran."

Na san sauran. Ni da Inna da 'ya'yan marigayi yayana su uku, ɗaki ɗaya a bayan tasha, kuma aikin nan ne ya riƙe rufin. In ya tafi, sai ajin firamaren nan da 'yan gudun hijira suke kwana. Inna ta yi wata bakwai a can. Ba za ta koma ba ina numfashi.

Talata, 8 ga Oktoba

Na tura wa Hajiya Ilham "Shekara Goma Cikin Nasara". Ta bugo waya tana dariya, wai wannan ai rubutun bayan mota ne. So take abin da za a ɗauki hoto ya yi kyau.

Na ce kowa ya sa fararen kaya. Manaja ya ce sallar Idi za mu ko jana'iza?

Laraba, 9 ga Oktoba

Shigar Larabawa: a'a, ba bikin aure ba ne. Kore da ruwan ɗorawa, launin tambarin kamfani: a'a, wai an yi a Kano bara. Kaina kamar ya tsage. Ni da na karanta aikin sakatariya, yau ga ni ina tunanin launin balan-balan.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Inna lillahi. Yau Hajiya Ilham da kanta ta kawo shawara: Ranar Fulani. Malfa, sanda, ƙwaryar nono, wai akwai kyau a hoto. Na buɗe muryar wayar ne don hannuna na kan takardu, ashe Malam Isah direbanmu na tsaye bakin ƙofa yana jiran takardar lodi. Bafulatanin Jangeru ne. 'Yan bindiga sun kwashe shanun gidansu, sannan 'yan gari suka ƙone rugarsu wai ai duk su ɗaya ne. A nan ofis ma akwai waɗanda in ya shigo sai su yi shiru. Ya karɓi takardarsa ya fita.

Na ce Hajiya, a Zamfara a wannan lokaci, don Allah a bar wannan. Ta ce to ke kawo, gobe ne ƙarshe, in ba ki iyawa in gaya wa Manaja ya ba wani.

Sai bakina ya riga ni. Na ce Ranar Ƙauyawa.

Ta yi ihun murna. Wai shi ke nan, hatsi daga ƙauye yake zuwa, kowa ya yi shigar ƙauye, a ci tuwo a akushi, a kafa bukka. Ta ce Kyauta kina da kai.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Manaja ya gaishe ni da fara'a, karon farko a wata biyar. An ba da aikin katin gayyata da ƙyallen da za a rataya a ƙofa.

Ai ana yin shigar ƙauyawa. Ana yi a bukukuwan aure, mun yi a makaranta ma, har ni na zo ta ɗaya. Ƙawayena suna ta mamakin yadda na iya ɗaurin zane da tafiyar. Ban gaya musu ba koyo na yi ba. A nan ofis ma kowa ya san ni 'yar cikin Ƙaura ce, haka na ce ranar da aka ɗauke ni, don na ga yadda suke kiran matan rumfa masu gyara mana hatsi "mutanen daji".

Ba laifi na yi ba. Wasa ne kawai.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ana buƙatar ƙore da faya-fayai da akussa da turmi. Na ce bari in ara wurin matan rumfa, masu sheƙar wake da tsintar ridi a bayan sito. Su talatin da biyu ne, kusan duk daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suka gudo. Shugabarsu Gwaggo Turai, tsohuwa mai baki kamar reza.

Na yi bayani tana ta sheƙa ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Ƙwarya? Ɗiyata, namu ƙoren can munka baro su da tuwo ciki." Wata ta yi dariya, irin wadda ba daɗi.

Sannan ta ce, "To ku za ku yi shigarmu. Mu kuma shigar wa za mu yi? Ko haka za mu taho, tunda mun riga mun shirya?"

Na ce zan dawo. Ban koma ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Na sayo ƙore a kasuwa. Sababbi fil, ko ƙanshin fura babu.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Allah ya isa tsakanina da Anwar mai kula da sito. Ya zo da kayan da zai sa don a gani: yagaggiyar riga, wando ƙafa ɗaya a naɗe, ya shafa gawayi a haƙori. Ya fito tsakar fili yana tafiya a karkace yana lanƙwasa harshe, wai shi baƙauye ne ya shigo birni ya ga keke napep ya ruga. 'Yan ofis har da riƙe ciki. Ni ma na yi dariya. Na yi, ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba.

Da na waiga, faya-fayai talatin da biyu sun tsaya cik. Wata yarinya mai goyo ta juya baya.

Rigar da ya sa irin ta Yaya ce sak, mai aljihu a ƙirji. A cikin irinta aka kawo gawarsa daga gona.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Matan sun aiko: ba za su zo biki ba, ko ɗaya.

Manaja ya rufe ƙofa ya wanke ni tas. Ashe manyan baƙin da za su zo daga hedikwata matan nan suke son gani, da su kamfani yake alfahari, wai ya ba 'yan gudun hijira sana'a. "Ke kika kawo wannan jigo, ke za ki kawo su. Kati ya fita, ƙyalle an buga. Kwana takwas gare ki."

Na shiga bayi na yi kuka, na wanke fuska, na dawo na buga wasiƙu huɗu.

Asabar, 19 ga Oktoba

Inna ta ga ƙoren a ƙarƙashin gado ta tambaya. Na gaya mata, ina yi ina kauce-kauce. Ta juya ɗaya a hannu ta ce wannan ko jiƙa ta ba a yi ba, in an zuba fura ɗaci za ta yi. Can kuma ta ce, "Ki tai da ni mana. Ni ba sai an yi man kwalliya ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na kira Hajiya Ilham na roƙe ta a canza. Ta ce kin san nawa ne mutanen da suka riga suka ɗinka kaya? Ta ce matan ba su gane ba ne, karrama su ake yi, in fahimtar da su. Wallahi ba muguwa ba ce. Ba ta taɓa bin hanyar Shinkafi ba ne kawai.

Kwana biyar. Ya Allah, ka ga Inna, ka ga yaran nan.

Talata, 22 ga Oktoba

Bayan la'asar na bi Gwaggo Turai har inda take zaune, wani kango da ba a gama ginawa ba bayan kasuwar hatsi, buhuna ne labulen ƙofa. Na durƙusa. Na ce Gwaggo ki rufa mini asiri, in ba ku zo ba aikina ya tafi, ina da tsohuwa da marayu.

Ta ce, "Ke ɗiyar ina ce?" Na ce Ƙaura. Ta ce, "Hm. Ranar da buhun wake ya kwance gabanki, na ga ɗaurin da kinka yi mai. Ba a koyon wanga ɗauri a ofis."

Na ce Tungar Marke.

Shekara shida ban furta sunan nan a gaban baƙo ba. Ta ce ta san garin, can ake gero mai dogon kai, ƙanwar mijinta can ta yi aure. Ta tambayi gidanmu, na faɗa, ta ce Allah ya jiƙan waɗanda anka rasa.

Sannan ta ce za su zo, amma da sharaɗi biyu. Ba mai yagaggiyar riga, ba mai gawayi a baki. Kuma a ba su abin magana, kowace ta faɗi sunan garinsu da abin da ake nomawa can. "Shekara goma kuna cin hatsin garuruwan ga. A kira sunansu ko sau ɗaya, tunda yanzu ba kowa cikinsu sai ƙadangaru."

Na ce to. Da wane iko na ce to? Oho.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na gaya wa Manaja matan za su zo. Ya ce madalla. Sauran ban gaya masa ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na aika wa duk ma'aikata saƙo da sunan ofis: an soke shigar ƙauye, kowa ya zo da kayansa na mutunci. Anwar ya zo yana huci, na ce umarni ne daga sama. Ƙarya na yi, kuma zan sake.

Ƙyallen nan na kai wa mai fenti, ya juya shi, a bayan ya rubuta GARURUWAN DA SUKA CIYAR DA MU. Malam Isah ne ya kai ni ya dawo da ni. A hanya ya karanta, ya ce, "Malama, ruga tana cikin gari?" Na ce tana ciki.



Juma'a, 25 ga Oktoba

Ban iya cin komai ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

An yi.

Baƙin hedikwata saƙona bai kai gare su ba, ban ma tuna da su ba, kaico. Su bakwai suka sauko daga mota da shigar ƙauye, Hajiya Ilham da ɗaurin ƙirji a kan riga da ƙwarya a ka, wani babba da fartanya a kafaɗa. Suka tarar da matan rumfa a jere cikin wankakkun kayansu mafi kyau, wasu na aro. Hajiya ta ɗaga kai ta karanta ƙyallen, ta dube ni. A hankali ta sauke ƙwaryar.

Bayan jawabin Manaja na ɗauki abin magana na miƙa wa Gwaggo Turai kafin kowa ya hana. Ta ce Gidan Kaiwa, wake da dawa, gida tamanin, yau ba kowa. Ta miƙa wa ta kusa. Rafin Ɗorawa, albasa. Tungar Bagaruwa, ridi. Haka har talatin da biyu, wasu garin ɗaya, kowace sai ta sake faɗa. Mai goyon nan sunan garin kawai ta faɗa, ta miƙa wa ta gaba. Malam Isah ya taso da kansa ya faɗi rugarsu da nonon da suke kawowa kasuwar Shinkafi, kuma ba wanda ya yi gunaguni, har Anwar.

Sai Gwaggo ta dawo da abin hannuna ta ƙi saki sai na yi. Na ce Tungar Marke, gero. Muryata ta fita a lasifika har bakin titi.

Babban nan ya ajiye fartanyarsa a ƙarƙashin kujera. Tuwo ya huce kafin a fara ci. Hoto kuwa ba a ɗauki na kirki ba.

Litinin, 28 ga Oktoba

Manaja ya ce na kunyata baƙi, na yi ƙarya da sunan ofis, na canza abin da hedikwata ta amince da shi. Duk gaskiya ne. Ya ce shi kansa ɗan Badarawa ne ta ƙasar Shinkafi, ya ji abin har ƙashinsa, amma ofis ofis ne.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Takarda ta fito. Ba irin wadda na jira ba.

Inna ta ce Allah na nan. Na ce na sani, Inna, amma mai gidan haya ma yana nan.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na je kwashe kayana, har an zaunar da wata a teburin. Zan fita ta baya don kada in haɗu da kowa, sai Gwaggo Turai ta ƙwala mini kira daga rumfa. Wai ta gaya wa Manaja sabon wake ya shigo, hannu ya yi musu kaɗan, kuma ita ke zaɓen masu aikinta. Ta muskuta ta bar mini gefen tabarma.

Na tsaya da jakata da takalmin ofis, 'yan ofis na leƙe ta taga. Na cire takalmin na zauna.

Abin da ake samu a rumfa bai kai rabin na tebur ba, ɗakin dai zai tsaya in mun ƙulle ciki. Ban ce na ji daɗi ba. Bayana ciwo yake, ƙaiƙayi har cikin kunne. Na cika buhu uku, Gwaggo ta ce na Tungar Marke ba su iya sheƙa ba, na ce wa ya gaya mata, muka yi ta yi har aka tashi.

Na ci tuwo malmala biyu da na dawo. Inna ta yi ta kallona.