Kamiyo a Kan Tabarma

Gure, 4 ga Oktoba

Yaya Alhasan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Nafisa da yara. Ya aiki, ya sanyin Faransa? Ina rubuta wannan ne Inna tana tsaye a kaina tana shifta mini abin da zan ce: wai in gaya maka Baba ya samu sauƙi sosai, kada ka ɗaga hankalinka. To, na gaya maka. Yanzu ta tafi duba tukunya, ga gaskiyar.

A takarda nake rubutu in ɗauki hoto in turo, don saƙon murya a gidan nan da shela a kasuwa duk ɗaya ne.

Bayan shanyewar ɓarin jikin nan, ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda. Hannun dama ne ya ƙi. Yatsun suna motsi kaɗan, amma ba sa riƙe loma. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ƙwallon tana ƙarƙashin gado. Ka san Baba. Ba zai ci da hagu ba, wai shekara saba'in bai haɗa kwano da Shaiɗan ba, ba yanzu zai fara ba. Liman ya zo ya yi masa bayanin lalura, ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya ci gaba da abinsa. Ba ya yarda a ba shi a baki kuma. Saura fura da kunu, su ma kurɓi uku. Agogonsa yanzu har gwiwar hannu yake zamewa.

Kwalinka ya iso. Na gane nufinka: ƙananan tubalan roba, yatsu su yi aiki ba tare da an kira abin magani ba. Dabara ce mai kyau, irin ta mutumin da ke nesa. Baba ya dubi hoton abin da za a haɗa, kamiyo, babbar motar kaya mai taya goma, ya dubi ledojin tubalan, ya ce shekara talatin da takwas yana jan tan talatin tsakanin Damagaram da Difa, yau ɗansa ya aiko masa da kayan wasan yara. Ya juya fuska bango.

Tunda hutun wata guda na ɗauka, ni zan haɗa shi, a ɗakinsa, don nan fanka take. Guda dubu biyu ne da 'yan kai, littafin umarni shafi ɗari huɗu, babu kalma ko ɗaya sai hotuna. Na karanta waɗanda suka fi shi duhu a jami'a, har aka ba ni takarda.

A gaida kowa. Ka ci gaba da addu'a.

Ƙanwarka,
Rumasa'u

Gure, 17 ga Oktoba

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin ƙaramar? Allah ya sa haƙoran sun gama fitowa. Mu muna nan, ana ta girbin gero.

Kwana goma sha biyu ina duƙe a tabarma. Na haɗa kwarangwal, na sa injina biyu, ɗaya na tafiya ɗaya na sitiyari, na ja wayoyi kamar zaren tsifa. Baba bai sa hannu ba. Sai dai fuskar ta bar bango, kuma duk lokacin da na ɗago kai nakan tarar yana nazarin rufin ɗaki da tsananin sha'awa.

Jiya na gama. Baba Aisami yana nan, tsohon abokin Baba, makanike, ya zo gaisuwa. Na sa batir, na danna telekomand, wato rimot. Inji ya yi kuka, kamiyo ya yi rawar sanyi a inda yake, bai matsa ko taƙi ɗaya ba. Na sake dannawa. Tayoyin tsakiya suna neman Difa, na baya suna neman Damagaram.

Yaya, Baba ya yi dariya. Da rabin baki, har da tari, amma dariya ce. Ya ce, "Apranti, kin juya pon."

Pon shi ne ƙullin haƙoran da ke raba wa tayoyi ƙarfi. Biyu ne a baya, ni kuwa na sa ɗaya yana kallon inda bai kamata ba. A shafi na sittin da ɗaya. Na tambaye shi yaushe ya gani, ya ce tun ranar da na sa shi. Kwana tara ke nan yana kallona ina gina bene a kan kuskure! Na ce me ya hana shi magana? Baba Aisami ne ya amsa, yana share hawaye: "'Yar nan, haka aka koya mana. Maigida ba ya faɗa wa apranti. Mota ce ke faɗa masa, ita ba ta jin kunyar kowa."

Gyaran sai an kwance komai har ƙasa. Na miƙa hannu, Baba ya buge shi da mafici. Ashe akwai doka ta biyu: hannun da ya ɓata ba ya gyara. Apranti, yaron mota, tiren zuba kaya yake riƙewa, ya zuba ido.

Aka saukar da Baba kan tabarma. Tubalan nan da ƙananan ƙusoshin roba suke haɗe, kuma ba sa fita da hannu ɗaya; dole hagu ta danne, dama ta ja. Ƙusar farko ta ci masa minti ashirin. Gumi har gemu. Yatsun suna kama ta suna suɓucewa. Ni na ƙura wa tire ido kamar an rubuta wani abu a ciki, Baba Aisami kuma ya shiga ba da labarin wata taya da ta fashe musu kusa da Gudumariya, labarin da babu mai saurare, shi ma ya sani. Da ƙusar ta fita, Baba ya jefa ta a tire ya ce, "Ɗaya."

Kada ka yaba mini. Na so in ce da gangan na yi, amma kuskure ne na tsakani da Allah, kuma ban taɓa yin abin da ya kai shi amfani ba.

Abinci dai har yanzu shiru.

Taka,
Rumasa'u

Damagaram, 1 ga Nuwamba

Yaya Alhasan,

Ina gaisuwa, ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na iso ɗazu, gobe zan koma aiki. Na nemi ƙarin mako, shugabana ya nuna mini tausayi mai yawa, ya hana.

Kamiyonka yana tafiya. Kwana goma sha ɗaya Baba ya yi yana kwancewa yana mayarwa, bai buɗe littafin ba sai sau biyu, su ma don ya nuna mini inda Turawa suka yi wauta. Bai yarda a tayar ba sai da aka yi addu'a aka shafa. Ya ce kuma mota ba ta fita wayam, aka loda mata dabino. Ta ratsa rairayin tsakar gida, ta kafe kusa da randa, ya yi baya ya fitar da ita yana zagin hanya. Babban yatsan dama ne ke juya sitiyari a telekomand.

Amma ban yi murnar da za ka zata ba. Ƙusa daban, tuwo daban. Ranar Talata ya gwada loma ɗaya a gaban Inna, ta faɗo masa a riga, miya har wuya. Bai sake kallon kwano ba. Na fara tunanin mun samu direba ne kawai wanda zai mutu da yunwa a bakin aiki. Na ji haushinka, na ji haushinsa, na fi jin haushin kaina da nake shirya jaka.

Yau da safe na shiga yi masa sallama. Na tarar ya sa Inna ta ɗumama tuwo da miyar kuka, an ajiye masa a dama, ga ruwan wanke hannu. Ya cire rigar kirki ya sa tsohuwar ta aiki, mai tabon baƙin mai. Na durƙusa, ya sa mini albarka a gurguje kamar mai jiran baƙo. Na ce bari in zauna kaɗan. Ya ce, "Motar Damagaram ba ta jiran masu digiri. Tashi. Ki ja mini ƙofar, ki ce wa uwarki kada kowa ya shigo."

Na fita na ja ƙofar. Na tsaya da hannuna a kanta, na ji ƙarar murfin kwano, na ji ya yi bisimilla. Akwai tsaga a ƙyauren, ka san ta. Ban leƙa ba. Na ɗauki jakata na nufi tasha.

A gaida Nafisa, a shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Rumasa'u