Hoton da ke Ƙofar Otal

Funtuwa

Ƙanena Sada,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Hajiya Rahama ta dawo daga Umra da labarinka. Ta ga ƙaton hotonka a ƙofar wani otal a unguwar Misfala, can Makka, ka sha kwat, kana bayan teburin karɓar baƙi sai washe baki kake. Ta ɗauko a waya, Inna ta sa an wanko an rataya mata a ɗaki. Ashe ka zama babba shi ne ka yi gum? Sai dai ta ce ta neme ka a teburin, aka ce ba a san ka ba.

Yayarka,
Larai

Misfala, Makka

Yaya Larai,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto ne don bakina ba zai iya a waya ba. Kwat ɗin na aro ne. Wanki nake yi a ƙasan otal, inda ko taga babu. Kamfani ne ya fito da tsarin wai kowane launin fata nasa ne, aka hau da ni minti goma, aka ɗauki hoto, aka karɓe kwat.

Akwai Nawaf, haifaffen nan, kakansa Bakano ne da ya zo Hajji a ƙafa. Hausarsa tsinci-tsinci ce, amma duk otal ɗin shi kaɗai ke zama ya ci abinci da ni. Shekara shida yana teburin, sai aka mai da shi sito, wai manyan baƙi sun fi son wata fuskar. Ya kai ƙara ofishin ƙwadago, cewa don baƙar fatarsa aka cire shi. Kamfani ya kai hotona shaida, wai ga baƙin mutum nan a teburin.

Jiya manajanmu, mai suna Turki, ya ba ni takarda in sa hannu cewa a teburin nake aiki. Bai yi barazana ba, ya dai tuna mini iƙamata, wato izinin zamana, za ta ƙare bayan azumi. Nawaf kuwa cewa ya yi, "Ɗan'uwa, ba zan roƙe ka ba." Kaɗaici ya ishe ni, Yaya. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanenki,
Sada

Funtuwa

Sada,

Ina gaishe ka. Ka san Inna, fuskata kawai ta duba, dole na karanta mata. Ni dai shawarata ka sa hannu. Nawaf ɗan ƙasa ne, ba mai koro shi, kai kuwa 'ya'ya huɗu ka bari, kowa ya yi ta kansa.

Inna ta sauke hoton ta kifa a kan gado. Ta ce, "Ki faɗa masa da wankau na ciyar da ku, ban taɓa jin kunyarsa ba."

Allah ya zaɓa maka mafi alheri.
Larai

Misfala, Makka

Yaya,

Ina gaisuwa. Na sa hannu, an kori ƙarar. Don kada a kama su da ƙarya, sun mai da ni teburin, daidai inda Nawaf yake tsayawa, kwat ɗin ma yanzu nawa ne. Har yau Nawaf yana yi mini sallama, amma ba ya zama. Ni kaɗai nake cin abinci.

Ki ce wa Inna ta mayar da hoton, ya zama gaskiya. Ni dai ta ƙofar baya nake shiga, don kada mu haɗa ido da wanda ke ƙofar otal.

Ku sa ni a addu'a.
Sada